Ruwan dutsen Habasha da gonar Mai Wurno

Kawu Mai Juruf (Mai Wurno): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗana ne ke rubuta mini, idona ya daina ganin ƙananan rubutun waya. Tambaya gare ni ga masu karatun cikinku. Na kusa shekara hamsin ina noma a bakin kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nil, a nan Sudan. Akwai shekarar da sama za ta yi mana rowa, dawa ta yi yaushi a gonar tudu, amma bahar, wato kogin, ya cika har ya haura gaɓa. Akwai kuma shekarar da su biyun za su haɗa baki su ƙi. Jiya na ji rediyo yana ta kiran wani abu El Nino, wai ruwan wani teku can bayan duniya ya yi ɗumi, mu yi hattara. To ina ruwan gonata da tekun da ko jikana bai taɓa gani ba?

Direban Gallabat: Wa alaikumus salam Kawu. Rabin farko ko ni zan amsa. Ruwan bahar ba naku ba ne, na Habasha ne. Ranar da ka fara hawa daga Matama ka nufi Gondar a watan Agusta za ka gane. A Gallabat kana zufa, kafin ka kai sama kana neman rigar sanyi, hadari kuma yana ƙasa da motarka.

Ustaz na Gadarif: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Direba ya ɗauko hanya. Nil Azrak daga tafkin Tana yake fitowa, kuma tafkin kansa yana kusan mita 1,800 sama da teku. In aka haɗa shi da kogunan Atbara da Sobat, wajen kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Aswan ta Masar daga tsaunukan Habasha yake. Damunarsu babba, wadda suke kira kiremt, daga Yuni zuwa Satumba take. Saboda haka abin da ke wucewa ta ƙofar gidanku labarin damunar Habasha ne, mai yiwuwa ruwan da aka yi a can kwanaki da suka wuce.

Dalilin da dutse ke tara ruwa kuwa ba shi da wuya. Iska mai laima in ta taho ta ci karo da tudu, dole ta hau. Duk hawan mita 1,000 tana yin sanyi da kamar digiri 6 da rabi. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi da yawa, sai ta sauke kayanta. Gadarif tana wajen mita 600, Gondar ta ɗan haura 2,000, kun ga digiri goma ke nan tsakani. Rigar sanyin Direba ke nan. In iskar ta tsallake ta gangara ɗaya gefen, ta riga ta zube abin da ta ɗauko, tana sauka tana zafi. Shi ya sa yammacin tsaunukan kore shar, gabashinsu kuma ƙasar Afar ce, gishiri da ƙuna.

Direban Gallabat: Ustaz duk wannan na yarda, na gani da ido. Amma dutsen bai taɓa tashi daga inda yake ba. Me ya sa bana a samu, baɗi a rasa?

Ustaz na Gadarif: Yauwa, nan ne maganar take. Dutse matsewa kawai yake yi, kamar mai matsar wanki. In an miƙo masa jiƙaƙƙen tsumma ruwa ya zuba, in busasshe ne ko ya shekara yana murɗawa a banza. Mai miƙowar ita ce iska, ita kuma ba kullum take zuwa da ƙarfi ɗaya ba.

Kun saba jin fasil madari a labarin yanayi. Shi ne layin da iskar kudu mai laima ke haɗuwa da busasshiyar iskar sahara. Yana bin rana, ya hauro arewa da bazara, a Agusta ya kai wajen Atbara, sannan ya koma. Ruwa mai nauyi ba a kan layin yake sauka ba, sai can kudu da shi. Laimar da ke bayansa wani kaso daga Tekun Atlantika da dajin Kwango take tahowa, wani daga Tekun Indiya. Can sama kuma, wajen kilomita 14, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga Indiya ya ratso kanmu ya nufi yamma. Shi ne kamar bututun hayaƙin murhu: in yana ja da ƙarfi, hadari na samun tashi ya yi tsawo. In ya yi rauni, hadari ya haɗu ya watse.

El Nino a wannan bututun yake taɓa mu. A shekarun da aka saba, iska tana tura ruwan ɗumi na Tekun Pasifik yamma, ya taru wajen Indunisiya, can ne babbar tukunyar hadari ta duniya. Duk bayan shekara biyu zuwa bakwai iskar takan yi rauni, ruwan ɗumin ya zame gabas wajen Peru, tukunyar ta bi shi. Masuntan Peru ne suka raɗa masa sunan, don wajen Kirsimeti suke ganinsa. Da tukunya ta matsa, kogin iskar nan da ke bi ta kanmu sai ya rage gudu, damunar Indiya ta yi rauni, ta Habasha ma haka. Kishiyarsa La Nina, ita takan ƙara mana.

Hajiya ta Kasala: Ɗana Ustaz, ni dai ban san Peru ba, amma na san kogin Gash. Rana tsaka, sama tas ko ɗigon girgije babu a kan dutsen Totil, sai ka ji yara na ihu ga Gash ya zo. Jan ruwa da itatuwa da gawar awaki. Ba banza mutanen nan ke ce masa mahaukaci ba. A 2003 ya shigo gari, mun kwana uku a kan tudu da tabarma ɗaya. A lokacin aka ce mana ruwan Iritiriya ne.

Ustaz na Gadarif: Haka ne Inna. Daga tsaunukan kusa da Asmara yake, can suna kiransa Mareb. Tunda gajere ne kuma gangarensa da tsanani, ba ya ba da sanarwa kamar Nil Azrak.

Injiniya (Damazin): Ustaz, da girmamawa, ina da ja. Wannan El Nino an mai da shi kamar aljanin da ake jingina wa kowace ɓarna. Ka faɗa mini, 1984 shekarar El Nino ce? Ba ita ba ce. El Nino mai ƙarfi a 1982 zuwa 1983 aka yi shi, ya wuce. Amma a 1984 ne mutanen Kordofan da Darfur suka zubo Muwailih a bayan Omdurman, aka ci dawar Rigan. Fari mafi muni da iyayenmu suka gani, kuma aljaninku ba ya nan.

Kawu Mai Juruf (Mai Wurno): Kai, ka tuna mini. Jar dawar nan da aka kawo daga Amurka, tuwonta ba ya kwana. Shekarar nan bahar ma bai cika ba, juruf ɗina, gonar bakin kogi, rabi ya jiƙa.

Ustaz na Gadarif: Injiniya ka kama ni a inda ya dace, kuma ban musa ba. 1984 ba ta El Nino ba ce. Ta faɗo ne cikin dogon farin Sahel wanda ya fara tun ƙarshen shekarun 1960 ya kai tsakiyar 1980. Wannan wani hannu ne daban. Masu bincike a Ingila sun nuna a 1986 cewa a shekarun nan tekunan kudancin duniya sun fi na arewa ɗumi idan aka kwatanta da yadda aka saba, har da Tekun Indiya. Fasil madari ɓangaren da ya fi ɗumi yake karkata, sai ya daina haurowa arewa sosai. Daga Senegal har Bahar Maliya kowa ya ji a jikinsa, Tafkin Chadi ya tsotse. El Nino shekara ɗaya yake juyawa, wannan kuwa shekara ashirin.

Amma kar mu zubar da jariri saboda ya yi kashi. Ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Alfatih Alɗahir na jami'ar MIT, ya auna abin a 1996. Ya samu kamar kashi 25 cikin 100 na hawa da saukar ruwan Nil daga shekara zuwa shekara yana da alaƙa da El Nino. Rubu'i ke nan.

Injiniya (Damazin): To ka ga. Rubu'i. Saura kashi uku cikin huɗu fa? Wa zai sayar da sa ya sayi iri a kan rubu'i?

'Yar Jami'a: Yaya Injiniya, rubu'in da ka sani tun wata uku kafin damina ai ya fi cikakken da za ka sani bayan girbi. Kuma duba jerin mana. 1972, 1982, 1987, 2009, 2015, duk El Nino, duk damunar Habasha ta yi rauni. A 2015 mutum sama da miliyan 10 suka buƙaci agajin abinci a can. Ɗaya ɓangaren: 1988, 1998, 2020, duk La Nina, duk ambaliya. Wannan ya wuce katari.

Injiniya (Damazin): Ƙanwata kin zaɓo waɗanda suka yi miki daɗi. Ina 1997? El Nino ɗin da ya fi na 1982 suna, amma ba a yi yunwar 1984 ba.

'Yar Jami'a: Ban ɓoye ta ba, mantawa na yi. Amma ko ita ai ta zo da nata: damina ta yi ƙwauro, sannan ruwa ya zo a Oktoba da Nuwamba lokacin da ba a nemansa, ya jiƙa amfanin da ke jiran girbi.

Alaramma: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma ina jin tsoron inda za ta kai mu. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. A Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi wanda zai ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Yanzu an ajiye tauraro an ɗauko teku. Mene ne bambancin?

Kawu Mai Juruf (Mai Wurno): Allah ya gafarta Malam, to mu da muke lissafi da taurarin Nasara da Ɗarfa da Jabha fa? Mahaifina da su yake shuka, kuma a wurin malamai ya koya. Larabawan nan ma haka suke yi, suna ce musu ina. Kowace kwana 13, Jabha 14.

Alaramma: Kawu, lissafin lokaci daban, jingina ruwa ga tauraro daban. Wanda ya ce in Ɗarfa ta shiga bisa al'ada Allah kan saukar da ruwa, bai yi laifi ba.

Ustaz na Gadarif: Allah ya gafarta Malam, ai kun amsa da kanku. Abin da muke cewa ke nan: bisa al'ada. A Suratur Rum ma an ce Allah ne ke aika iskoki su tayar da girgije. Iska sababi ce da aka ambata da suna, mu bin sawunta kawai muke yi, daga ina ta taso, me ya rage mata ƙarfi. Annabi Yusuf kuma da aka sanar da shi shekara bakwai na wadata da bakwai na tsanani, rumbu ya sa aka gina. A kan wannan kogin ne ma.

Alaramma: In haka ne babu ja. Sai dai a riƙa cewa in Allah ya so. Yaran yanzu suna faɗin hasashe kamar sun ga Lauhul Mahfuz.

'Yar Jami'a: In sha Allah, Malam. Maganar bakwai da bakwai ta tuna mini da abin da aka koya mana. A tsibirin Rauda a Alƙahira akwai ma'aunin Nil da aka gina tun 861, an yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta cikar kogi. Wani Bature mai suna Hurst da ya yi rayuwarsa yana aikin ruwa a Masar ya bi irin waɗannan lissafai, ya fitar a 1951 cewa shekarun ruwa sukan zo a jere, na fari ma a jere, ba a warwatse kamar jefa ƙwandala ba. Wannan ya fi El Nino ba ni tsoro, don fari ɗaya rumbu na iya ɗauka, uku a jere kuwa sai dabbobi.

Ɗan Jidda: Salam ya jama'a. Ni ƙara na kawo. A nan duk lokacin da aka ce za a yi ruwan sama na lokacin sanyi, sai ka ji mai labarin yanayi na cewa munkhafad Sudan, wato kwarin iskar Sudan, ya miƙo. Ku ne ke turo mana, sannan a tsare mu a hanya ana tambayar iƙama cikin ruwa.

Direban Gallabat: Hhhh, ka biya kuɗin ruwan tukuna.

Ɗan Jidda: Wasa a gefe. Ranar 25 ga Nuwamba 2009 ina nan, ranar Tarwiyya ce, alhazai na fita Mina. Cikin 'yan sa'o'i kwaruruwan da ke gangarowa daga duwatsun gabas suka cika suka shigo unguwanni. Sama da mutum ɗari suka rasu. Abin da ban gane ba, Ustaz, ƙanwarmu ta ce 2009 shekarar rashin ruwa ce a Habasha. Ta yaya shekara ɗaya ta hana can ta ba nan?

Ustaz na Gadarif: Domin injin ba ɗaya ba ne. Ruwan Jidda na kaka da hunturu ne, lokacin fasil madari ya riga ya koma kudu. Wani kwarin iska mai ɗumi ne ke miƙewa daga Sudan ya bi tsawon Bahar Maliya yana kwasar tururi. In ya yi gamo da iska mai sanyi da ta sauko daga wajen Bahar Rum a sama, ga kuma duwatsun Hijaz a tsaye kamar bango, sai a zuba na shekara a yini ɗaya. Bur Sudan ma haka take, ruwanta na Nuwamba ne, Arkawit kuma hazon hunturu ke rayar da itatuwanta alhali bayan dutsen hamada ce.

Ɗan Jidda: Haka Abha take. Ta gefen Tihama kore, gonaki hawa-hawa, Sauda kusan mita 3,000 hazo na shiga mota. Ka juya ka nufi Bisha, kafin awa biyu ka manta ka ga ganye.

Hajiya ta Kasala: To in ruwan Bur Sudan na sanyi ne, madatsar Arba'at ai a Agusta ta fashe. 2024. 'Yata tana can a lokacin, jarkar ruwa ta zama zinariya.

Ustaz na Gadarif: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Inna, wannan shekarar ce fasil madari ya wuce inda ya saba tsayawa, ya yi nisa cikin sahara. An yi ruwa a Abu Hamad da ƙasar Shamaliyya, inda gidajen laka ba a gina su don ruwa ba. Duwatsun Bahar Maliya suka samu jiƙaƙƙen tsumma a watan da ba su saba ba, kuma dutse ne tsirara, ba ƙasar da za ta sha. Duk ya gangara khor, wato kwari, lokaci ɗaya.

Abu Sumayya (Sinnar): Ku dai kuna ta zagaye. Ambaliyar 2020 Habashawa ne suka sako mana ruwa daga Saddun Nahda, babbar madatsarsu ta kan Nil Azrak. Kowa ya sani.

Injiniya (Damazin): A nan kam zan tsaya wa Ustaz. Ɗan'uwa, a Yulin 2020 madatsar riƙewa ta yi, ba saki ba: kubik mita biliyan 4.9 a cikon farko. Nil Azrak a shekara yana kawo wajen biliyan 50. Ambaliyar a ƙarshen Agusta da farkon Satumba ta zo, ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988. A lokacin ginin bai kai tsayin da zai tara abin da zai yi wannan ba. Ruwan sama ne aka yi a dutse, ba na wasa ba.

Inda maganarka za ta yi ƙarfi shi ne daga yanzu. Tafkin yana ɗaukar biliyan 74, ya fi ruwan shekara guda. Ma'ana abin da Kawu ya saba, ya kalli bahar ya karanta damunar Habasha, ya ƙare. Yanzu bahar labarin ƙofofin madatsa yake bayarwa. Mu a madatsar Rusairis da can lissafin ma'aunin Daim a bakin iyaka ya ishe mu, yanzu sai mun san abin da za a saki gobe. Ga kuma laka, wadda ita ce takin juruf, tana kwanciya a can.

Kawu Mai Juruf (Mai Wurno): Wannan gaskiya ne ɗana. Ruwan ya yi haske. Da in ka ɗebo a kofi a Agusta sai ka ga rubu'insa ƙasa ce.

Abu Sumayya (Sinnar): Ni dai ban gamsu ba, amma na ji.

'Yar Jami'a: Akwai abin da ya fi ba ni mamaki. Daga 2020 zuwa 2022 La Nina ta yi shekara uku a jere. Mu muna kwashe ruwa daga ɗaki, Somaliya da arewacin Kenya da kudancin Habasha damina biyar a jere ta ƙi musu, raƙuma ma suka mutu. Ƙasa ɗaya Habasha, arewa ambaliya, kudu fari. Su damunarsu ta Maris zuwa Mayu ce da ta Oktoba zuwa Disamba, Tekun Indiya ke ba su kai tsaye. A ƙarshen 2019 da yammacin tekun ya yi ɗumi sosai, ruwa ya yi musu yawa har Tafkin Biktoriya ya kai cikar da ba a taɓa rubutawa ba a 2020, Nil Abyad, wato Farin Nil, ya shanye ƙauyukan Sudan ta Kudu shekara da shekaru. Don haka in rediyo ya ce El Nino zai kawo ambaliya a gabashin Afirka, Nairobi da Mogadishu yake nufi. Mu akasin haka ne.

Direban Gallabat: Wallahi wannan ta taɓa cin mu. Wata shekara muka ji haka a tashar waje, maigidana ya ƙara fadan (wajen eka) ɗari na riɗi a ƙasa mai nauyi yana jiran ruwa. Ko kuɗin ma'aikatan da suka zo daga Habasha yankan riɗi bai fita ba.

Baba na Kano (baƙo a zaure): Ku yi haƙuri in sa baki daga gida. Ina karantawa ina ta jinjina kai. Agustan 1988 da kuka ambata, a watan nan madatsar Bagauda ta fashe a nan Kano. Kuma kakanninmu suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914.

Ustaz na Gadarif: Marhaba da Baba, zaure naku ne. Daren 4 ga Agusta 1988 Khartum ta samu wajen milimita 210, fiye da abin da takan samu a shekara cur, sama da mutum miliyan suka rasa matsuguni. Kakalaba kuwa farin 1913 ne ya haife ta, kuma 1913 ita ce shekarar da Nil ya yi ƙarancin da ba a ga irinsa ba tun da aka fara awo na zamani. Kakanninmu da suka baro Burmi bayan 1903 suka zauna a bakin Nil Azrak sun yi tafiyar shekaru, amma ba su fita daga ƙarƙashin layin ruwa ɗaya ba. Tun kafin su iso ma an yi Sanat Sitta a nan, 1306 ta Hijira, zamanin Khalifa, wadda har yau in Basudane ya ce shekarar shida kowa ya san yunwa yake nufi. Daminar 1888 ce ta ƙi, ga yaƙi, ga fara.

Wani Bature Gilbert Walker, da aka ba shi ofishin yanayi na Indiya a 1904 bayan yunwar 1899, shi ya nuna cewa nauyin iska a Pasifik da na Tekun Indiya suna yin lilo, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. Cikin abubuwan da ya sa a lissafinsa har da cikar Nil. Ba shi da kwamfuta, akawuna ne da takarda.

Injiniya (Damazin): Duk da haka ina nan a kan bakata. Wannan ilimi ya fi amfani ga mai kula da madatsa da mai sayen hatsi na gwamnati. Shi yana lissafin ƙasa ne gaba ɗaya. Manomi kuwa, gonarsa da ta maƙwabcinsa kilomita biyar tsakani, hadari ɗaya ya ba wannan ya hana wancan. Ba tekun da zai gaya maka wannan.

Ustaz na Gadarif: Ban ƙi ba. A fili kamar namu rabon hadari na kwana ɗaya ba mai iya faɗa. A dutse ne abin ya fi tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa Jabal Marra, mai mita 3,000 da 'yan kai, ke noman lemo da tuffa a Nartiti alhali Fashir na samun kashi ɗaya cikin uku na ruwansa. Amma ko a fili, in an ce damina za ta yi gajarta a yankin duka, damar gonarka ta ragu tare da ta kowa. Ni ba zan ce wa Kawu kar ya shuka ba. Zan ce ya duba irin da zai shuka.

Kawu Mai Juruf (Mai Wurno): To na ji ku duka, Allah ya yi muku albarka. Ga abin da zan yi. Gonar tudu zan raba ta: kashi biyu dawa irin Arfa Gadamak tunda tana nuna da wuri, kashi ɗaya Wad Ahmad ko ruwan ya yi tsawo. Riɗi kaɗan. Ba zan shuka a ruwan fari ba sai ƙasa ta jiƙa kamu ɗaya. Juruf kuma Injiniya, kai ne za ka riƙa gaya mini ranar da za a buɗe ƙofa, tunda ka ce bahar ya daina faɗin gaskiya.

Injiniya (Damazin): In na sani za ku sani, Kawu.

Ustaz na Gadarif: Ina da roƙo ɗaya ga kowa. Ga mu a Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Damazin, Sinnar, har Jidda da Kano. Kowa ya samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ya kafa shi a fili nesa da bango da itace. In an yi ruwa, da safe a tsoma rula a rubuto milimita nawa da kwanan wata, a zubar. Milimita ɗaya a kan fadan ɗaya lita 4,200 ce, ganga 21 ke nan, kar ku raina ta. Zuwa Oktoba sai mu jera mu gani ko ni ke da gaskiya ko Injiniya.

Direban Gallabat: Ni da nake kwana a hanya fa? In ɗaura shi a kan lori?

Hajiya ta Kasala: Ɗana, gwangwanin madarar gari zai yi? Sai dai awakina ba sa barin komai a tsakar gida, dole in sa yaro ya hau da shi soro.

Ustaz na Gadarif: Zai yi Inna, in dai an yanke leɓen bakin. A sa masa duwatsu a gefe kar guguwar habub ta tafi da shi. Direba kai kuma ka bar wa uwargida.